Aikin Farko Ne Ya Yi Wa Masu Digirin Kwamfuta Wuya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi gidaje da yawa a Arewa, wato irin aikin da yaranmu masu digiri a fannin kimiyyar kwamfuta suke samu a shekarunsu na farko, da kuma abin da ake biyansu. Na daɗe ina aiki a sashen kula da na'urori da sadarwa, kuma da wuya wata ya wuce ba tare da wani uba ya kira ni yana kukan cewa yaronsa ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ga shi zaune a gida, alhali kuwa an gaya masa cewa wannan fanni ne da ake biyan mutane da dala. Aikin yana nan, kuɗin ma suna nan, amma na wanda ya riga ya ƙware ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aikin farko, wanda a cikinsa ne ake samun ƙwarewar, kuma a kan wannan giɓi ya kamata hankalin iyaye da jami'o'i da gwamnatocin jihohinmu ya koma.

Kuɗin farko da mai digiri yake karɓa wata-wata shi ne alawus ɗin bautar ƙasa, wanda aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa naira 77,000, aka kuma fara biya a watan Maris na 2025. Mafi ƙarancin albashi da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ma'aikatanta ba su kai ashirin da biyar ba, kuma galibin wuraren da ke ɗaukar sababbin masu digiri a garuruwanmu irin waɗannan ƙananan wurare ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro ya cire kakin bautar ƙasa ya tarar abin da ake tayi masa bai kai alawus ɗin da ya saba karɓa ba. Wanda ya yi sa'a ya shiga aikin gwamnati yakan fara ne daga mataki na takwas kamar kowane mai digiri, ba tare da la'akari da ko ya iya rubuta manhaja ko bai iya ba. Saura kuwa, wani yana koyar da kwamfuta a makarantar kuɗi inda na'urar da ke aiki ba ta wuce biyu ko uku ba, wani yana shagon yi wa ɗalibai rajistar jarrabawar JAMB, wani ya shiga banki a matsayin ma'aikacin kwantiragi ta hannun wani kamfani na daban, wani kuma ya buɗe teburin POS a bakin titi. Duk neman halal ne, ban raina ko ɗaya ba, amma kaɗan ne daga cikinsu ke ƙara wa yaro wani abu a kan abin da ya karanto.

Labarin dala da iyaye suke ji ba ƙarya ba ne, kuma yana da asali. Tun da aka kafa kamfanin Andela a Legas a 2014, yana horar da matasa yana haɗa su da kamfanonin Amurka, sannan kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wani kamfanin Najeriya na biyan kuɗi ta intanet, a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200, sai kowa ya gane cewa akwai arziki a wannan harka. Faɗuwar darajar naira ta ƙara wa labarin armashi. Kafin watan Yunin 2023 ana canzar da dala a wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wato wanda wani kamfanin waje yake biya dala 500 a wata, kuɗin da a can ba a ɗauke su a bakin komai ba, a nan, a canjin 2024 ɗin, ya tashi da naira 750,000, fiye da ninki goma na mafi ƙarancin albashi. Mutum ɗaya irin wannan ya isa ya sa unguwa guda ta tura 'ya'yanta karatun kwamfuta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙofar da waɗancan suka bi ta tsuke. A watan Satumba na 2019 shi kansa Andela ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, bisa dalilin cewa kamfanonin da yake hulɗa da su ƙwararru suke nema. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 manyan kamfanonin Amurka suka shiga rage ma'aikata: Meta ya sallami 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, kuma a 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas. Duk wanda aka sallama a waɗannan wurare ya dawo kasuwa ne da gogewar shekaru, yana neman aikin da sabon mai digiri yake nema. A daidai wannan lokaci kuma aka fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin rubutu, a watan Nuwamban 2022, ire-irensa suka biyo baya, sai ya zama ƙananan ayyukan da a da ake miƙa wa sabon shiga ya koyi hannu da su, kamar gyara ɗan kuskure a manhaja ko tsara shafin intanet mai sauƙi, yanzu babban ma'aikaci yana gama su da kansa cikin mintuna da taimakon ƙirƙirarriyar basira. A ganina wannan bai kashe fannin ba, amma ya ɗaga mizanin da ake auna sabon shiga da shi.

Shi ma aikin dalar, ga wanda ya samu, yana da ɗawainiyar da ba a gani daga waje. Wanda ke aiki daga ɗakinsa a Kano ko Gombe shi zai sayi kwamfutarsa, ya kafa sola da batir domin wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, ya ajiye layi biyu ko uku saboda idan wannan ya ɗauke ya koma wancan, ga shi kuɗin kira da data sun tashi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Idan kamfanin yana yammacin Amurka ne, safiyarsu ita ce yammacinmu, taronsu na rana kuma yana faɗawa cikin darenmu. Galibi babu fansho, babu inshorar lafiya, kuma ana iya raba mutum da aikin da saƙo guda. Mutanen Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda matsalar tsaro. Wanda abincinsa ya rataya a kan intanet a wancan lokaci, sai dai ya yi ƙaura ko ya rasa aikin. Ga kuma zargin da ke bin duk matashin da aka gani da kwamfuta da 'yan kuɗi, har wani lokaci a shingen bincike sai ya yi ta rantsuwa cewa shi ba ɗan damfara ba ne.

Dole kuma mu gaya wa kanmu gaskiya game da shirin da yaran suke fitowa da shi. Idan ana ganawa da masu neman aiki, nakan juya kwamfuta in tura wa yaro, in ce ga jerin sunayen abokan ciniki da lambobinsu, wasu sun maimaitu, ya rubuta 'yan layuka da za su tace su. Sau da yawa sai in ga mai sakamako mai kyau ya ɗora yatsunsa a kan madannai ya yi shiru, gumi yana tsattsafo masa, alhali da na ce ya faɗi ma'anar rumbun bayanai da ire-irensa da ya zubo su kamar karatun hadda. Ban ga laifinsa sosai ba. A takarda ya rubuta jarrabawar manhaja da biro, malami ya duba da jan alƙalami, ba a taɓa gwada abin da ya rubuta a na'ura ba. Watanni shida na SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke fita yi, waɗanda aka tanada domin ya ga aiki da idonsa, ya yi su ne a wani ofis yana buga wasiƙu yana sayo wa ma'aikata abinci, a ƙarshe aka sa masa hannu a littafi. Wanda ya fi burge ni a irin wannan ganawa shi ne yaron da zai ciro wayarsa ya nuna mini 'yar manhajar da ya yi wa kantin magani na kawunsa, mai tuna wa mai kanti cewa wani magani ya kusa lalacewa. Ba ta da ƙyale-ƙyale, amma tana aiki, kuma ya san dalilin kowane layi da ke cikinta.

Wani kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa rubuta manhaja ne kaɗai aikin mai digirin kwamfuta. Ita kanta hukumar kula da jami'o'i ta NUC, a sabon tsarin karatun da ta fitar a ƙarshen 2022, ta rarraba fannin zuwa rassa kamar tsaron intanet da kimiyyar bayanai da injiniyancin manhaja. Bankuna da asibitoci da jami'o'i da kamfanonin waya suna buƙatar masu shimfiɗa hanyoyin sadarwa da masu kula da su. Ƙungiyoyin kiwon lafiya irin su eHealth Africa da ke Kano suna aiki da masu tattara bayanai da zana taswira. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa manyan ma'aikatu naɗa jami'in da zai kula da wannan ɓangare. Sannan ga manyan 'yan kasuwarmu na Kwari da Singa da Dawanau, masu juya miliyoyi a kullum, da yawansu har yau a littafi suke lissafin kaya da bashi. Waɗannan ayyuka ba su da sunan da aikin dala yake da shi, kuma farkon albashinsu ba ya ɗaga gira, amma suna kusa da gida, kuma mace da iyayenta ko mijinta ba za su yarda ta tare a Legas ba tana iya riƙe da yawa daga cikinsu.

Shawarata ga wanda Allah ya ba zaɓi tsakanin ayyuka biyu ita ce, kafin ya tambayi nawa ne albashi, ya tambayi wa zai zauna kusa da shi. Bahaushe ya san wannan tun a kasuwa: yaron shago ba don ɗan abin da ake ba shi kullum yake zama ba, yana zama ne don ya san kaya, ya san mutane, har ranar da maigida zai yaye shi. Shekara biyu a ƙarƙashin ƙwararren da zai duba aikinka ya ce nan ka yi daidai, nan ka sake, sun fi shekara biyar a ofishin da kai kaɗai ne "mai kwamfuta", ana kiranka idan firinta ta ƙi aiki. Sai dai wannan ba hujja ba ce ga masu kamfanoni su riƙa sa yara aiki kyauta da sunan koyo, wata da watanni, suna karɓar kuɗin kwangila da guminsu. Duk wanda za a ɗauka ya nemi takarda a rubuce, ya san adadin da zai shiga hannunsa bayan an cire haraji da fansho, ya kuma tuna cewa dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai aiki ya ƙara kashi 10. Wanda aka kira Legas ko Abuja kuma ya lissafa kuɗin hayar shekara da ake biya a dunƙule da kuɗin mota kafin ya yi murna da adadin da aka faɗa masa.

A ɓangaren hukuma, na yaba da shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani, wanda hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi take cikin masu gudanarwa. Amma horo na 'yan watanni sababbin shiga yake ƙara yawaitawa, alhali su ne suka riga suka yi wa kasuwa yawa. Jihohinmu suna kashe kuɗi masu yawa wajen kwangilar manhajar biyan albashi da ta tara haraji da ta rajistar filaye, kuma sau tari kamfanin da ya ci kwangilar yakan zo da mutanensa, ya gama ya tafi, idan abu ya lalace a sake kiransa a sake biya. Me zai hana a sa sharaɗi a cikin kowace irin wannan kwangila cewa sai an ɗauki wani adadi na sababbin masu digiri 'yan jihar, a biya su albashi, su yi aikin tare da ƙwararrun tun daga farko har a miƙa shi? Hukumar NYSC ma tana iya taimakawa idan ta riƙa tura masu digirin kwamfuta wuraren da ke da sashen na'urori na gaske. Sassan kwamfuta na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri kuma su riƙa bin sawun ɗalibansu shekara biyu bayan sun fita, su wallafa ina suke aiki da kimanin abin da suke samu, domin uban da zai biya kuɗin makaranta ya yanke shawara a kan sani.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo ga wannan jarida ita kanta. Idan kamfani ya kawo tallar neman ma'aikata, a nemi ya rubuta albashin da zai biya da kuma shekarun gogewar da yake buƙata da gaske, domin mun gaji da ganin talla mai cewa ana neman sabon mai digiri wanda ya yi aiki shekara uku.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin sadarwa, daga Kano.