Wasiƙa zuwa ga edita: kafin a buɗe layi kan kiɗan masana'anta

Assalamu alaikum, Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidan rediyonku.

Na rubuto ne kan shirinku na kaɗe-kaɗen duniya, inda kuka saka ɗan yanki na kiɗan da Turawa ke kira industrial metal, kuka kuma buɗe layi masu sauraro suka faɗi albarkacin bakinsu. Yawancin waɗanda suka kira cewa suka yi wannan ƙarar inji ce kawai. Wasu suka ce kiɗan shaiɗanu ne, mai sa yara kisan kai. Wani matashi ɗaya tak ya ce yana sonsa, aka yi masa ca. Ban ga laifin masu kiran ba, don an kunna musu abu babu gabatarwa, suka faɗi abin da kunnensu ya ji. Ƙorafina da shirin ne, da ya nemi hukunci a wurin jama'a alhali bai ba su labarin abin da za su hukunta ba.

Wanda ya ce ƙarar inji ce bai yi ƙarya ba, kuma su kansu makaɗan ba za su yi masa musu ba, don abin da suka nufa ke nan. Tushen kiɗa mai nauyi irin wannan yana Birmingham ta Ingila, garin ƙira da masana'antu. Tony Iommi, mai kaɗa jita na ƙungiyar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kawunan yatsu biyu. Daga baya ya sassauta igiyoyin jitarsa don rage zafi, sautin ya ƙara kauri da duhu. A 1976 wata ƙungiya mai suna Throbbing Gristle ta kafa kamfanin faifai na Industrial Records, kuma daga nan sunan ya samo asali. A Berlin ta Yamma, a 1980, 'yan Einstürzende Neubauten suka riƙa hawa dandamali da tarkacen ƙarfe da injin huda bango a matsayin kayan kiɗa. Lokacin kuwa masana'antun Birtaniya na rufewa ɗaya bayan ɗaya, har marasa aikin yi suka haura miliyan 3 a 1982. Yaran da suka taso a wannan ƙunci su ne suka haɗa salon biyu, wato kiɗan jita mai nauyi da kiɗan ƙarar masana'anta. Ƙungiyar Godflesh, da aka kafa a Birmingham a 1988, mutum biyu ne kacal, sai na'urar da ke buga ganga a madadin makaɗi, bugu ɗaya babu gajiya babu tausayi. A shekarar ce kuma ƙungiyar Ministry ta Chicago ta fara ɗora jita mai tsauri a kan kiɗan na'ura, Trent Reznor kuma ya kafa Nine Inch Nails a Cleveland, wani garin ƙarfe da ya sha irin wannan durƙushewa.

Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin saƙa ya san ƙarar injuna tana da tsari, har mutum ya tashi aiki ya kwanta tana ci gaba da bugawa a kansa. Ya kuma san yadda unguwa ke zama idan ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, masu abinci da 'yan acaɓa da masu gidan haya duk su ji a jikinsu. Shi ya sa da na ji wannan kiɗa ban ji baƙon abu ba. Mu ma ai muna da kiɗan sana'a, daga dundufar maƙera zuwa luguden mata a bakin turmi. Bambancin shi ne namu yana ƙarfafa mai aiki, nasu kuwa kukan wanda aikin ya tauna ya tofar ne.

Masu cewa babu gwaninta a ciki, su sani cewa Trent Reznor da abokin aikinsa Atticus Ross sun ci kyautar Oscar ta kiɗan fim a 2011, suka sake ci a 2021. A 2002 kuma tsohon mawaƙin Amurka Johnny Cash ya ɗauki wata waƙar Reznor ya rera ta da muryarsa ta tsufa cikin sanyi, aka ga ashe ƙarƙashin hayaniyar akwai waƙar nadama mai ratsa zuciya.

Batun kisan kai shi ne ya fi damuna, don an daɗe ana maimaita shi. A watan Afrilun 1999 wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar sakandare ta Columbine a jihar Colorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Nan da nan aka ɗora laifin a kan masu irin wannan kiɗa, wato ƙungiyoyin KMFDM da Rammstein da mawaƙi Marilyn Manson. Gaskiya ne yaran suna sauraron KMFDM da Rammstein, kuma 'yan KMFDM sun fito fili sun yi tir da abin da ya faru. Amma jama'a da yawa a ƙasashe da dama sun saurari waɗannan faya-fayan ba su taɓa kowa ba, bindigogin kuwa yaran sun same su cikin sauƙi, wasu ma daga kasuwar baje kolin makamai. Mai gabatar da shirinku ya bar wannan zargi ya wuce bai ce uffan ba, kuma hakan bai dace da gidan da ake dogaro da shi wajen sanin gaskiya ba.

Duk da haka, matashin da ya ce yana son kiɗan shi ma yana buƙatar a faɗa masa abin da ƙila bai sani ba. Da wuya ya ji Jamusanci, alhali da shi Rammstein ke yawancin waƙoƙinsu. Wannan ƙungiya, da aka kafa a Berlin a 1994, ta ɗauko sunanta daga garin Ramstein, inda jiragen wasan sama suka yi karo a 1988 mutum 70 suka mutu. A 1998 suka yi bidiyo da hotunan da Leni Riefenstahl ta ɗauka na gasar Olamfik ta Berlin a 1936, zamanin Hitler, ko da yake sun sha musanta cewa suna da ra'ayin 'yan Nazi. A 2009 hukumar kare matasa ta Jamus ta hana sayar wa yara wani faifansu saboda batsa da rashin imanin da ke ciki, kafin kotu ta ɗage hanin a 2010. Ni dai ba zan yarda a kunna irin waɗannan waƙoƙi a gidana ba, kuma ina ganin cin kasuwa da makokin wasu mummunan abu ne ko a wace ƙasa. Sai dai ba daidai ba ne a haɗa mai kukan rufe masana'anta da mai sayar da batsa a yi musu kuɗin goro.

Akwai kuma illar da ba a yi maganarta ba sam. Mu da muka yi aiki kusa da injuna mun san yadda ji ke tafiya a hankali, kuma ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Wannan kiɗa kuwa an gina shi ne don a ƙure masa murya.

Roƙona, Malam Edita, ku maimaita shirin. Mai gabatarwa ya fara da tarihin kiɗan, a samo wanda ya ji Jamusanci da Turanci ya faɗi abin da waƙoƙin ke cewa gwargwadon yadda kunya ta bari, a gayyato malamin addini da makaɗin gargajiya su zauna a ɗakin shiri, sannan a buɗe layi. Idan matashin nan ya sake kira, don Allah a bar shi ya gama maganarsa.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
mai sauraro daga Kakuri, Kaduna