Jirgin Victory ya fi ranar Trafalgar tsawon labari

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na tarihi a kan yaƙin Trafalgar, wanda sojan ruwan Birtaniya suka gwabza da na Faransa da Sifen a teku, kuma na yaba. Sai dai kusan duk lokacin ya tafi ne a kan Admiral Nelson, kwamandan rundunar Birtaniya, jirgin da ya mutu a cikinsa kuwa, wato HMS Victory, sunansa kawai aka ambata aka wuce. Ina ganin an tauye wa masu sauraro haƙƙi.

An fara ƙera Victory a Chatham da ke Ingila a 1759, aka saukar da shi ruwa a watan Mayun 1765. Ya ci bishiyoyi kusan 6,000, akasarinsu itacen oak mai tauri. Abin mamaki, da aka gama shi babu yaƙin da za a kai shi, sai aka ɗaure shi a kogin Medway har shekara 13. Sai a 1778 ya fita fagen fama da Faransawa a Ushant. A 1797 shi ne jirgin Admiral Jervis lokacin da aka fatattaki rundunar Sifen a Cape St Vincent.

Daga nan tsufa ya kama shi, har aka mai da shi asibitin fursunonin yaƙi. Gyaran da aka yi masa tsakanin 1800 da 1803 ya ci fiye da fam 70,000, alhali ƙera shi tun farko fam 63,000 da 'yan kai ya ci. Wannan ne abin da na so ku tsaya a kai. Jirgin katako kullum cikin ruɓewa yake: ruwa na ci daga waje, danshi na ci daga ciki, ga tsutsar teku mai huda katako, wadda saboda ita aka lulluɓe ƙasansa da fallayen jan ƙarfe a 1780. Kafintoci da masu toshe ɓaraka su ne suka kai shi Trafalgar, ko da yake ba a rera musu waƙa.

Ranar yaƙin Trafalgar, 21 ga Oktoba 1805, yana da shekara 40, ɗauke da igwa 104 da mutum sama da 800. An kashe 57 daga cikinsu, aka jikkata fiye da 100, jirgin kuma ya ragargaje har sai da aka ja shi zuwa Jibralta.

Ya daina fita yaƙi a 1812, ya zauna a tashar Portsmouth. A 1903 wani jirgi ya kufce ya banke shi, ya kusa nitsewa. A 1922 aka shigar da shi busasshiyar ma'ajiyar gyaran jirage, inda yake har yau, ko da yake bam ɗin Jamusawa ya taɓa shi a 1941. Yanzu ƙwaro mai cin katako ne babban abokin gabansa, kuma yawancin katakon da ke jikinsa ba na asali ba ne. Duk da haka sunansa na nan a jerin jiragen sojan ruwan Birtaniya masu aiki.

Don Allah ku ware shiri guda a kan jirgin kansa, ku kuma haɗa da USS Constitution na Amurka, wanda aka saukar a 1797 kuma har yanzu yana kan ruwa a Boston.

Naku mai sauraro,
daga Zariya