Auta, maganar abokin ɗakinka

Assalamu alaikum Auta, ya sanyin Berlin, ya karatu. Mu nan duk lafiya lau, Umma da yayyenka na gaishe ka.

Tun ranar Lahadi da muka yi waya maganar abokin ɗakinka Bajamushen nan ta tsaya min a rai, shi yasa nace bari in rubuto tunda sabis ya hana mu ƙarasawa. Kace kakarsa ta rasu, suna kwashe kayanta suka tarar da hoton kakansa cikin kakin soja na zamanin Hitler, ya rubuta wa ma'ajiyar tarihi ta ƙasarsu, suka aiko masa da kwafin katin jam'iyyar Nazi da sunan tsohon a jiki, har ya kwana uku baya cin abincin kirki. Kai kuma kace masa meye nasa na damuwa da abin da aka yi tun ba a haifi ubansa ba. Wallahi Auta wannan amsar taka bata yi min daɗi ba.

Ka tsaya ka duba. Tsohon nan shi ya ɗora yaron a cinya, shi ya koya masa keke, yau kuma takarda ta nuna masa cewa yana cikin jam'iyyar da ta kashe Yahudawa miliyan 6 kafin yaƙin ya ƙare a 1945. A makaranta an koya musu, ana ma kai ɗalibai sansanin Sachsenhausen nan kusa da ku, inda 'yan Nazi suka tsare mutane, su gani da idonsu, amma jin labari a aji daban, ganin sunan gidanku daban. Ƙananan farantan tagullar nan da kace kana gani a bakin ƙofofi, wanda wani mai zane Gunter Demnig ya fara dasawa, yanzu sun haura 100,000 a Turai, kowanne sunan mutum ɗaya ne da 'yan Nazi suka fitar daga gidan. Kai kana wucewa ka karanta, shi kuwa yanzu duk inda ya ga ɗaya sai ya tambayi kansa ina kakansa yake a ranar.

Kuma kar ka haɗa su a kwando ɗaya kace ai duk Turawa ne. Ɗan Leipzig ɗin nan na ajinku da yake ce wa kansa ɗan Gabas, wato tsohuwar Jamus ta Gabas, an haife shi bayan bangon Berlin ya faɗi a 1989 an haɗe ƙasar a 1990, amma ya tashi yana jin yadda aka rufe masana'antar da iyayensa ke aiki, toh dole abin ya bi shi. Shi kuma wanda kakansa yazo daga Turkiyya bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961, a nan aka yanke cibiyarsa, fasfonsa na Jamus ne, amma har yau ana ce masa asalinka ina, in yaje hutu Turkiyya kuma a kira shi Bajamushe. Kowa da inda yake masa ciwo.

Na san abin da ke ranka, kace suna ta kukan nasu sun manta namu. Akwai gaskiya a ciki. A garin da kake Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya tara ƙasashe 14 daga 1884 zuwa 1885 suka tsara yadda za su ci Afirka babu ɗan Afirka ko ɗaya a zaman, kuma sai 2021 gwamnatinsu ta yarda kisan ƙare dangi Jamusawa suka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya. Amma kaje unguwar Wedding ka ga filin da aka mayar wa suna Manga Bell a 2022, sarkin Duala ta ƙasar Kamaru da Jamusawa suka rataye a 1914. 'Yan Afirka mazauna can ne suka yi shekaru suna wannan fafutuka, kuma irin abokin naka, masu buɗe akwatin kakanni, su suka fi saurin tsaya musu. Ka faɗa masa namu, amma ka bari ya gama nasa tukuna.

Watarana zai juyo ya tambaye ka naka kakan, me zaka ce? Ni zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa muku ba. A gidan kakana akwai wata tsohuwa da muke ce wa Iya, ita ta goya babana, sai da na girma na gane sayo ta aka yi tana yarinya, ba wanda ya san garinsu, kuma ban tambaye ta ba har ta rasu. Abin yana cina har yau. Hajiya ce kaɗai ta rage da ta san ta sosai, kuma ƙarfinta na raguwa, dan Allah ka kira ta ranar Juma'a bayan masallaci ka tambaye ta, ka naɗi muryarta a wayarka.

Shi kuma yaron ka bashi haƙuri. Ka dafa shinkafa da wake da yajin da Umma ta aiko maka, ku ci tare, in ya ɗauko hoton ka karɓa ka duba da kyau, ka tambaye shi sunan tsohon.

Ka riƙe sallah, ka dinga sa rigar sanyi. Allah ya yi maka albarka.

Babanka