Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka Kan Karatun Yara Masu Buƙata Ta Musamman

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nasara.

Mu iyayen yara masu buƙata ta musamman na ƙasar Anka, tare da wasu malaman firamare, mun kawo kukanmu gaban Sarki kan 'ya'yanmu da ake maido mana daga makaranta saboda halin da ba su suka ɗora wa kansu ba.

Ranka ya daɗe, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba yaro mai naƙasa damar karatu kyauta har sakandare. Dokar ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta karɓe shi cikin sauran yara, ta kuma tanadi aƙalla malami ɗaya mai horo a kan koyar da irinsa, tare da sanya rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Wa'adin shekara biyar da aka bayar domin gyara gine-ginen gwamnati ya cika tun Janairun 2024, amma har yau gurgu a mafi yawan makarantunmu sai ya bar kekensa a bakin aji ya ja jiki a kan matakala.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne halin yaran da lalurarsu ba ta bayyana a jiki. Sarki ya fi kowa sanin bala'in gubar dalma na shekarar 2010 a Bagega da Dareta da Abare, lokacin da yara kimanin 400 suka rasu a jihar nan, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi ta jinyar waɗanda suka rage. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta bar shi da saurin fushi da mantuwa da kasa natsuwa, kuma har yanzu ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a yankin, ƙannen waɗancan yara na shaƙar ƙurarsa. Irin wannan yaro a aji yakan miƙe tsakiyar darasi, ko ya toshe kunnuwansa ya fashe da kuka idan hayaniya ta yi yawa. Malamin da ke fama da aji maƙil, ba a taɓa koya masa gane lalurar ba, sai ya ɗauka taurin kai ne ya kai masa bulala, bulalar kuma ba ta ƙara masa komai sai firgici. Daga nan a kira uwa a ce ta riƙe ɗanta a gida. Haka ake yi wa mai galahanga, haka ake yi wa mai farfaɗiya da yara ke gudu wai yawunsa na yaɗa ciwon, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta.

Ba mu zargin malamai, domin a ganinmu horo suka rasa. Malamin da ya san aikin yakan lura da abin da ke tayar wa yaro hankali, ya zaunar da shi gaba, ya rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan, ya yaba masa idan ya natsu, kuma wannan ba ya cin wani kuɗi mai yawa.

Saboda haka muna roƙon Sarki ya umurci hakimai da dagatai da masu unguwanni su ƙirga waɗannan yara gida-gida, domin da yawa ana ɓoye su a ɗaka don kunya. Muna roƙo kuma Mai Martaba ya isar da kukanmu ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha a Gusau, a nemo kason da hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ke warewa domin ilimin masu buƙata ta musamman, a tura malamai 'yan ƙasar nan horo a Jami'ar Bayero ta Kano ko kwalejin ilimin musamman ta Oyo. Kafin wannan ya tabbata, muna fatan a hana korar kowane yaro har sai shugaban makaranta ya zauna da iyayensa da kwamitin makaranta da ma'aikacin lafiya, limamai kuma su yi bayani a huɗubar Juma'a.

Muna neman izinin wakilanmu su zo fada da yaran, Sarki ya gan su da idonsa.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga iyayen yara masu buƙata ta musamman, ƙasar Anka, Jihar Zamfara.