Godiya ga masu shagon na'urorin tsaron gida na titin Gidan Zoo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode wa Alhaji mai shagon sayar da na'urorin tsaron gida da ke kan titin Gidan Zoo, da yaransa baki ɗaya, musamman matashin da ya saurare ni ranar da na je. Yaba kyauta tukuici ne. Kayan da kuɗina na saya, amma mutuncin da aka yi mini da gaskiyar da aka faɗa mini kyauta na same su, kuma na daɗe ban samu irinsu a wajen ciniki ba.

Ni malamar makaranta ce, ina zaune a gidan haya a Na'ibawa tare da 'ya'yana da surukata, Hajiya Babba. Maigidan ɗan kasuwa ne, yakan yi makonni a hanya tsakanin Kano da Legas. A daminar da ta wuce aka haura katangar maƙwabtanmu cikin dare, aka kwashe musu wayoyi da talabijin da batiran sola, suna kwance a ɗaki ba wanda ya farka sai da aka kira assalatu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin farkawar nan. Tun daga lokacin barcina ya zama rabi da rabi, ko kyanwa ce ta taka kwanon rufi sai na tashi zaune. Na yi shawara da maigidan, muka tsayar da cewa a nemo na'urar da za ta yi jiniya idan an taɓa ƙofa ko taga. Mai gidan da muke haya kuwa ya ce bai yarda a fasa masa bango ana jan waya ba, kuma yana da gaskiyarsa. Shi ya sa na shiga neman irin wadda ba ta da waya, wadda mutum zai iya kafawa da kansa, ya kuma cire abarsa ranar da zai tashi daga gidan.

Wahalar da na sha kafin in zo wajenku ita ce ta sa godiyar nan ta yi nauyi. Akwai shagon da na shiga na yi sallama, mai shagon bai ko ɗago kai daga wayarsa ba, da na faɗi abin da nake nema sai ya ce, "Hajiya, ki turo maigidan mu yi magana da shi." Ni ce ke kwana a gidan da yara, ni ce zan riƙa kunna na'urar ina kashewa, amma wai ba ni ce zan ji bayaninta ba. A wani wurin kuma kafin in rufe baki an jero mini kyamarori da akwatin naɗa da dogon lissafin kuɗin mai haɗawa. Na ce ni abin da zai tashe ni daga barci nake so, aka ce ai kyamara ta fi. Kyamara tana da amfaninta, amma idan ina barci ba ta tashe ni ba, sai dai da safe in zauna in kalli yadda aka yi mini sata. Wani ya miƙo mini kwali a rufe, na ce a buɗe a gwada, ya ce in an buɗe na saya, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa. Na tambaye shi ko na'urar tana aiki in an ɗauke wuta, ya ce, "Insha Allahu tana yi." Masu talla a intanet su kuma cewa suke in tura kuɗi tukuna. Har na fara tunanin haƙura da maganar in ƙara kwaɗo a ƙofa kawai.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini shagonku. Na shiga ba tare da na sa rai da wani abu ba. Matashin da ke wajen ya miƙe ya ba ni kujera, ya gaishe ni, ya saurare ni har na kai aya. Bai ɗauko ko da kwali ɗaya ba. Takarda da biro ya miƙo mini, ya ce, "Mama, zana mini gidan yadda yake. Ina ƙofar shigowa, ina tagogi, ina kuke kwana, ta ina kike ganin mutum zai fi samun sauƙin haurowa?" Na zana masa get da ɗan soron da ke bayansa, da tsakar gida, da falo, da ɗakuna, da kicin mai ƙofar baya wadda ke kallon lungu. Ya tambaye ni ko ƙofofin na ƙarfe ne ko na katako, ko muna da sola ko janareta, ko muna kiwo a tsakar gida, ko Hajiya Babba tana tashi sallar dare, wane layi ne ya fi sabis a cikin falonmu. Duk wuraren da na zaga ba wanda ya yi mini ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan.

Sai da ya gama sannan ya shimfiɗa kayan a kan tebur ya yi mini bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Ga uwar na'urar, wadda duk sauran ke aika wa saƙo ta iska. Ga ƙananan na'urorin ƙofa da taga, kowace gida biyu ce, ɗaya a jikin ƙyaure ɗaya a jikin firam, da maganaɗisu a tsakaninsu, da zarar an buɗe sun rabu sai saƙo ya tafi. Ya ce tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 1 ko makamancin haka, kuma tunda ƙofofinmu na ƙarfe ne, ƙarfe yana rage ƙarfin maganaɗisu yana kuma tare saƙon, saboda haka in sa ɗan katako ko roba a ƙarƙashinsu. Ga mai gano motsi, wadda ke jin ɗumin jikin mutum idan ya gifta, ana kafa ta a kusurwar ɗaki a tsayin mita 2 ko sama kaɗan, tana gani har wajen mita 10. Ga jiniya, ga rimot guda biyu.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar wuta da sabis. Ya ce akwai masu aiki da Wi-Fi kaɗai, kuma su ne suka fi araha, amma a gidan da ake ɗauke wuta, rauta, wato akwatin da ke ba da Wi-Fi ɗin, na mutuwa shi ke nan na'urar ba ta da hanyar sanar da kowa. Ya ce in ɗauki mai cin layin waya, wadda za ta kira ni ta kira maigidan ko yana Legas, ta kuma tura saƙon tes, ba ruwanta da data. Ya nuna mini a jikin kwali inda aka rubuta 4G, ya ce da yawa daga cikin masu arahar nan 2G kawai suke kamawa, in lura. Ya nuna mini batirin da ke cikin uwar na'urar, ya ce zai riƙe ta na wasu awowi in an ɗauke wuta amma kada in dogara da shi kwana da yini, in jona ta a layin inbata tunda muna da ƙaramar sola. Sannan ya ja mini kunne a kan layin da zan saka. Ya ce ya zama mai rajista da lambar NIN ɗina, in riƙa sa masa kati, in riƙa sa na'urar ta yi kiran gwaji lokaci-lokaci, domin layin da ya yi wata 6 ba a yi amfani da shi ba ana iya rufe shi, mutum yana zaune yana zaton yana da tsaro alhali na'urar ba ta da bakin kira.

Na nuna masa mai gano motsi na ce a ba ni guda huɗu, har da ta tsakar gida. Ya ce a'a. Na yi mamaki, don ban saba ganin mai shago ya hana a sayi kayansa ba. Ya ce, "Mama, wannan ta cikin ɗaki ce. In kika sa ta a tsakar gida, rana za ta buge ta, kaji da kyanwa za su riƙa tayar da ita, in Babbar Sallah ta zo ga rago. Za ta yi ta ihun banza har maƙwabta su daina fitowa, ke ma ki gaji ki kashe ta." Ya ƙara da cewa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ɗumin ɗaki yana kusantar na jikin mutum, wato digiri 37, sai ganinta ya ragu. Saboda haka ya ce ƙarfin tsaron ya kasance a kan ƙofofi da tagogi, mai gano motsi guda ɗaya a falo ta isa. Ya ce kada ta kalli taga ko wurin da labule ke kaɗawa, kuma da hunturu in riƙa goge mata ƙura. Da aka yi lissafi kuɗin bai kai abin da na ƙulla na zo da shi ba, har da ragowa mai kauri.

Kafin in biya ya buɗe komai a gabana ya haɗa. Ya sa layi a ciki, ya ce in raba maganaɗisun da hannuna. Jiniya ta ɗauka har mutanen shagon kusa suka leƙo, wayata kuma ta yi ƙara a cikin jaka. Ya koya mini yadda ake saita ta idan muna gida da dare, ƙofofi da tagogi kawai take gadi, Hajiya Babba ta fito alwala ba abin da zai tashi, da yadda ake saita ta idan kowa ya fita. Ya sa mini jinkirin daƙiƙa 30 a ƙofar shigowa domin in samu damar kashewa. Ya sa na maimaita da kaina har hannuna ya faɗa, bai nuna gajiya ba, bai kuma yi mini irin kallon nan na wadda ba za ta gane ba. Duk bayanin nan da Hausa ya yi shi, ya kuma rubuta mini matakan a takarda da Hausa, domin littafin da ke cikin kwalin da Turanci yake.

Alhaji, kai ma ina gode maka da maganar da ka faɗa mini lokacin da kake rubuta rasit. Ka ce, "Malama, kada mu ruɗe ki. Na'urar nan kamar usur ɗin maigadi ce, in ya busa ba wanda ya fito, ba a yi komai ba." Ka ce in je in sanar da maƙwabta na dama da na hagu, in sanar da shugaban 'yan sintirin unguwa, in sa lambarsa cikin waɗanda na'urar za ta kira, in kuma koya wa yara lambar gaggawa ta 112. Ka ce ƙofa mai ƙarfi da sakata da fitilar waje suna nan a matsayinsu. Na bi shawararka, na kai maganar har gaban mai unguwa, kuma yanzu mutanen layinmu sun san sautin jiniyar gidana.

Kafawar ba ta ba mu wuya ba, ni da babban ɗana muka yi ta da yamma ɗaya. Mun bi shawarar yaronku muka ɗaure da sukuru inda ya yiwu, domin ya ce gam ɗin da ke zuwa da su yana saki in zafi ya yi yawa. Matsala ɗaya muka samu, ta ƙofar kicin tana yi tana yankewa. Na kira lambar shagon ina fargabar a ce mini an riga an gama ciniki. Yaron nan ya ɗauka, ya gane ni, ya tambayi bango nawa ne tsakanin kicin da inda na ajiye uwar na'urar. Ya ce bulo da rodi suna cinye saƙon, in matsar da ita tsakiyar gida, nesa da firji da talabijin, kuma wurin da mai shigowa ba zai gan ta da sauri ba. Na matsar, ta daidaita. Bayan kwana biyu shi da kansa ya sake kira yana tambaya ko komai lafiya, ya kuma tuna mini in riƙa duba batiran ƙananan na'urorin in sauya su da zarar uwar ta nuna sun yi sanyi. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya saka wa iyayen da suka yi masa tarbiyya, ya ba shi nasa shagon.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki a garin da ake yi wa kirari da cibiyar kasuwanci. Kano tun kaka da kakanni da ciniki aka san ta, daga Kurmi har Kwari da Sabon Gari, kuma iyayenmu da amana suka riƙe abokan cinikinsu na nesa. Yau sai ka shiga shagon kayan lantarki ka tarar da mai sayarwa bai san abin da ke cikin kwalin da yake sayarwa ba, kuma ba ya jin nauyin ya ce maka komai yana yi. Ba a gwada kaya, ba a ba da rasit sai ka yi magiya, garanti kuwa a baki yake ƙarewa. Mace ta zo da kuɗinta a yi mata farashi daban, ko a ce ta koma ta turo namiji. A kayan kwalliya ko na ɗaki wannan asarar kuɗi ce kawai. A kayan tsaro kuwa, wanda aka sayar wa na'urar da ba ta aiki ya fi wanda ba shi da komai shiga haɗari, domin shi ya saki jiki ya yi barci. Na san gidaje a unguwarmu da aka kafa musu kyamarori masu tsada, yau ga su nan a jikin bango sun mutu, wanda ya kafa ya daina ɗaukar waya. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan lantarki su dubi wannan lamari, ko da sharaɗin gwada kaya a gaban mai saye da rubuta garanti a rasit ne su fara da shi.

Na riga na kwatanta wa malamai biyu a makarantarmu shagonku, kuma na ce musu su tafi da zanen gidajensu. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku da dukiyarku, ya tsare mana unguwanninmu baki ɗaya.

Wassalam.

Taku,
Wata malama daga Na'ibawa, Kano