Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: A Ba Da Maganin Amai Tun A Ɗakin Tiyata

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Ni tsohuwar nas ce, na daɗe a ɗakin da ake kwantar da mata bayan an yi musu aiki. Na yi murna da sanarwarka ta watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Amma akwai ɗan abin da nake gudun a manta wajen lissafi, tunda ba ya shiga rahoto: tashin zuciya da amai bayan tiyata.

Har yau ina tuna wata yarinya, haihuwar fari. Da la'asar aka fito da ita, kafin isha'i ta fara yunƙuri. Ta dafe ɗinkin da hannu bibbiyu, tana kakari a cikin roba, ba abin da ke fitowa sai kumfa, hawaye sharkaf. Jaririya na tsala kuka, ba halin ba ta nono. Surukarta na ta faɗin, "Daure, allurar ce take fita." Ba wata allurar da ke fita. Sai a lokacin aka rubuta wa mijin takarda, ya bazama neman kemis ɗin da bai rufe ba.

Kai likita ne, ba sai na koya maka karatu ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku da aka sa barci don tiyata yana fama da wannan. Tun 1999 likita Christian Apfel ya fitar da tambayoyi huɗu na auna haɗarin amai bayan tiyata: mace ce? Ba ta shan taba? Ta taɓa amai bayan tiyata, ko mota na sa ta amai? Za a ba ta maganin ciwo mai ƙarfi dangin mofin? Wadda ta haɗa huɗun, haɗarinta ya kai kashi 80 cikin 100. To, matanmu da biyu suke shigowa tun daga gida. Ko wadda aka yi wa allurar baya ba ta tsira ba, domin da zarar jininta ya sauka zuciya ta tashi.

Maganin kuwa ba na a je Indiya ba ne. Dexamethasone, miligiram 4 zuwa 8, da ondansetron, miligiram 4. Kowanne na rage haɗarin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in an haɗa su sun fi aiki, kuma dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai ciwon suga dai sai an sa ido, don dexamethasone na ɗaga suga. Metoclopramide da muka saba zarowa daga durowa, miligiram 10 ɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kada a ce ai amai ne kawai. Yana jan ɗinki, yana ƙarar da ruwan jiki, in kuma mace ba ta gama farfaɗowa ba yana iya sarƙe ta ya gangara huhu.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sa waɗannan allurai biyu cikin kayan tiyatar kyautar, su kasance a hannun mai sa barci kafin a shigo da mace. Tambayoyin nan huɗu kuma a buga su a takardar da ake cikewa kafin aiki, har a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, inda sau da yawa nas ne ke sa barcin.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Wata tsohuwar nas, daga Kano