Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Inuwa Yahaya: ina labarin jinin da aka ɗiba a gidajen Gombe a 2020?

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya yi riƙo da hannunka.

Na san a wurin mutane da yawa maganar korona ta zama tsohon zance. Tun ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ta daga matakin dokar ta-ɓaci, takunkumin fuska kuma ya koma na kare ƙura lokacin hunturu. Amma akwai wani adadi guda da ya fito daga jiharmu a lokacin annobar, wanda a ganina an yi masa gurguwar fahimta, kuma a kansa nake son in ɗan ja hankalinka.

Tsakanin Satumba da Oktoban 2020, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Legas sun bi gida-gida a jihohi huɗu, Legas da Enugu da Nasarawa da Gombe, suka ɗebi jinin mutum sama da 10,000, manya da yara, don a gano mutum nawa ne suka taɓa kamuwa da korona. A Fabrairun 2021 aka bayyana sakamako: kashi 23 cikin 100 a Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma a jiharmu ya riga ya kamu da cutar kafin ƙarshen daminar 2020.

Wannan gwajin daban yake da na tsinken da ake zura wa mutum a hanci. Na hanci ƙwayar cutar kanta yake nema, sai tana jiki a wannan makon zai gan ta. Na jini kuwa sinadaran garkuwar jiki yake dubawa, waɗanda jiki ke ƙerawa mako ɗaya zuwa uku bayan shigar cuta, su kuma zauna watanni. Na farko kama ɓarawo ne a tsakar gida, na biyu ganin sawunsa ne da safe bayan ya haura katanga. Tun da a lokacin ba a kawo rigakafi Najeriya ba, sai a Maris na 2021 kashin farko na allurar AstraZeneca ya iso, duk wanda aka samu da sinadarin nan cutar ce ta bar masa shi, ba allura ba.

Da aka ji Gombe ce ta ƙarshe a jerin, wasu sun ɗauka abin murna ne, wai mu Allah ya tsare mu. Allah ya tsare, babu shakka, amma a ɗan yi lissafi. Ƙidayar 2006 ta ba Gombe mutum 2,365,040, kuma zuwa 2020 mun haura miliyan uku. Kashi 9 na wannan ya doshi mutum 300,000. Waɗanda aka tabbatar da gwajin hanci a jihar, daga farkon annobar har aka daina ƙirga, ba su kai 4,000 ba. Ke nan alƙaluman da ake karanto mana a rediyo kowane dare ɗan tsakure ne na abin da ke yawo a cikin unguwanni. Ba laifin ma'aikatan lafiya nake gani ba. A farkon lamarin sai an fitar da samfur wajen jiha kafin a samu sakamako, kayan gwaji sun yi ƙaranci, mafi yawan masu cutar kuma ko dai ba su ji komai ba, ko sun ji zazzaɓi da mura suka sayi magani a kyamis suka wuce. Ga tsoron killacewa. Bayan zanga-zangar da majinyata suka yi a cibiyar killace masu korona ta Kwadon a watan Mayun 2020, har suka fito titin Gombe zuwa Biu, wa zai kai kansa a gwada shi da son ransa?

Ɗaya gefen lissafin ya fi tayar da hankali. In kashi 9 sun kamu, sauran 91 suna nan ba su da wata garkuwa a lokacin da zagaye na biyu ya taso a Disamban 2020, sannan nau'in Delta a tsakiyar 2021, sannan Omicron a ƙarshenta. Da aka yi irin wannan bincike a Kano da Abuja a tsakiyar 2021, an samu sama da kashi 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa Satumban 2021 kimanin kashi 65 na mutanen Afirka sun kamu. Saboda haka kashi 9 ɗin nan labarin wata guda ne cikin annobar da ta yi shekara uku, bai kamata a riƙa ambatonsa kamar shi ne hukuncin ƙarshe a kan Gombe ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne su wa cutar ta fi kamawa. Maza sun fi mata: a Gombe kashi 10 ne ga maza, 7 ga mata. Mazauna birni sun fi na karkara, 'yan shekara 18 zuwa 64 sun fi yara da tsofaffi. Duk ɗan Gombe zai iya fassara wannan ba tare da ya shiga ajin likitanci ba. Waɗanda ke fita nema ne. Mai ɗaukar buhu a Tudun Hatsi, ɗan kamasho a tasha, mai Keke Napep da ke kwasar fasinja daga Bolari zuwa Pantami tun safe har dare, ma'aikacin da ke zaune da mutum shida a ofis ɗaya. A shiga motar haya mai zuwa Bauchi ko Yola da asubar hunturu a gani: an cusa mutum huɗu a kujerar uku, an ɗaga gilashi an rufe ruf saboda sanyi, gilashin har ya yi gumi da numfashin mutane, wani a baya yana ta tari cikin rawaninsa, babu mai cewa a sassauta taga don kada a ce ya cika fitina. Awa biyu ko uku a haka. Cutar numfashi ba ta neman abin da ya fi wannan, domin a iskar da aka rufe take taruwa, ba a jikin ƙarfen ƙofa da muka yi ta gogewa kaɗai ba.

Sai dai wanda ya fi kamuwa daban, wanda ya fi mutuwa daban. Matashin nan zai yi kwana uku yana jin kasala ya miƙe. Da dare kuwa ɗakin mahaifinsa zai shiga gaisuwa, dattijo mai shekara saba'in da ciwon suga ko hawan jini, wanda sau da yawa shi kansa bai san yana da su ba. A nan ake rasa rai. Mu kuma al'adarmu, wadda ban ce a bari ba, ita ce in dattijo ya kwanta a cika ɗakinsa da 'yan dubiya, in ya rasu a cika zaure da 'yan ta'aziyya kwana uku. Da a ce tun farko mun san hanyar da cutar ke bi a cikinmu, da ƙarfin da aka zuba wajen tsare iyakokin jiha, alhali kowa ya san ana ratsawa ta daji a kan babur, an karkatar da wani ɓangarensa ga tashoshin mota, da tagogin azuzuwa da tsangayu, da gwajin suga da hawan jini kyauta ga dattawa.

Ranka ya daɗe, ga roƙona guda uku. Na farko, bin gida-gida da akwatin sanyi yana da tsada, ba kowace shekara jiha za ta iya ba. Amma jini yana zuwa hannunmu kullum ba tare da mun fita nema ba. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji ya san ranar awo: mata a jere a kan benci da katinsu a hannu, a ɗebi jini don duba ƙarancinsa da ƙanjamau da ciwon hanta, a yi amfani da ɗan kaɗan, ragowar da ke cikin kwalba da yamma a jefa ta cikin kwandon da za a ƙone. Haka jinin masu ba da gudummawa a Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Da yardar masu jinin, kuma bayan an cire sunaye, ana iya ajiye wani kaso duk wata uku a gwada. Da haka Kenya ta bi sawun korona: jinin masu gudummawa ya nuna kimanin kashi 4 a tsakiyar 2020, ya kai kusan rabi a farkon 2021, gwamnati tana gani yana hawa. Gwamnatinka ta gyara asibitin matakin farko a kowace gunduma cikin 114, ke nan wuraren tattarawa suna nan. Abin da ya rage firji mai aiki da hasken rana, da mota mai zagayawa, da yarjejeniya da NCDC. Ko a matakin ƙasa, jinin da aka adana daga binciken ƙanjamau na 2018 shi aka koma aka yi amfani da shi wajen tantance ingancin kayan gwajin korona, har aka gano wasunsu na ruɗewa da jinin mutanen da suka sha fama da zazzaɓin cizon sauro. Wannan kaɗai ya isa hujjar mu riƙa gwada kayan gwaji a kan jininmu kafin mu yarda da su.

Kada a ce ai an yi rigakafi, sakamako zai cakuɗe. Alluran da aka fi yi a nan sinadarin garkuwa mai yaƙar ƙayar da ke bayan ƙwayar cutar kawai suke sa jiki ya ƙera, gwajin da ke neman sinadarin garkuwa mai yaƙar abin da ke cikinta kuwa yana ware wanda ya kamu da gaske. Kuma ba don korona kaɗai nake faɗa ba. Ɗigo ɗaya-ɗaya na jinin yara yana iya nuna ko yaran wata ƙaramar hukuma suna da garkuwar ƙyanda da mashaƙo. Mun ga abin da mashaƙo ya yi a Kano da Yobe da Bauchi daga ƙarshen 2022.

Na biyu, rajistar mamata. A 2020 sai da aka bi iyalai da masu haƙar kabari da tambaya kafin Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu a yawan mace-macen da aka yi a Kano, kuma rabi ko fiye na iya zama korona. A Azare, nan maƙwabta, an yi ta ja-in-ja a kan adadin waɗanda suka rasu. Littafi guda a kowace maƙabarta, da shekarun mamaci da ranar rasuwa, mai unguwa ya sa hannu duk mako, zai nuna in mutuwa ta fara wuce ƙima tun kafin jita-jita ta riga gwamnati.

Na uku shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanen da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu a 2020 sun yi hakan ne a lokacin da ake yaɗa cewa korona ta masu kuɗi ce, ko kuma hanyar cin kuɗi ce, ko jinin sayarwa za a yi. Sakamakon ya fito a sanarwar manema labarai, daga baya a mujallar kimiyya, duk da Turanci. A tsayar da mutum goma a babbar kasuwa a tambaye su ko sun san an taɓa wannan bincike a jiharsu. In ana so gobe a buɗe wa ma'aikaci ƙofa, sai a dawo wa mutane da abin da aka gano, a rediyon jiha da Hausa da Fulfulde da Tangale da Tera da Waja, a fadar hakimai, a masallatai da majami'u.

A matsayinka na shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, in Gombe ta fara, kana da bakin da za ka kira Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba su shigo, tun da motocin da ke kai mu can su ne ke dawo da nasu. Ina roƙon a ware wa wannan aiki layinsa a kasafin ma'aikatar lafiya na baɗi, a kuma umarci Kwamishinan Lafiya ya riƙa fitar da sakamakon a bainar jama'a sau biyu a shekara.

Allah ya ƙara lafiya, ya taimaki Jihar Gombe.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Gombe.